Jirgi Mai Ciki Biyu

Mu mutanen Tawa ne, ruwanmu na rijiya ne,
wanda ake jawowa da igiya gaba arba'in,
ana hango shi can ƙasa kamar idon akuya.
Neman abinci ya zubo mu Yamai ɗaya bayan ɗaya,
shekara goma muna ƙetare Isa ta kan gada
ba wanda ya taɓa tsoma ko yatsa.

Tsahiru ne ya kawo zancen a fada,
shayi na biyu bai ko tafasa ba:
“Mu yi shatar jirgi, babba, mu kwana uku kan ruwa.”
Muka yi dariya har Illa ya ƙware.
Da wata ya mutu sai ga shi da littafi,
jaka biyu-biyu, mutum goma sha biyu,
ya ce ni ne ma'aji, tunda na fi kowa rowa.

A Gamkale na sami Hamani Sorko yana ɗinkin taru.
Jirginsa kwale-kwale biyu ne, dogaye,
an haɗa su da katako kamar tagwaye a goyo ɗaya,
rumfar tabarma a bisa, dogon icce a tsakiya,
da ƙyallen kama iska na buhunan shinkafa,
har yanzu ana karanta kilo hamsin a jikinsa.
Ya ce jaka ɗari uku. Na rantse ban da su.
Muka shirya a ɗari biyu da goma, gawayi nasa,
da yaron da zai riƙa kwarfe ruwa.
“Ɗaya shi ke kifewa,” in ji shi,
“biyu sai dai su yi gardama su wuce.”

Zazzaɓin damina ya ɗauke Tsahiru ranar wata Laraba.
Na buɗe littafi bayan addu'ar bakwai,
ashe ya biya har na watan da bai gani ba.
Na kai wa Zali kuɗin cikin ambulan,
ta tura mini shi da bayan hannu:
“Wurinsa ne ya saya. Ku tafi da Laminu.”

Shekararsa tara, ya zo da takalmin lakwal.

Muka tashi da hantsi, ruwa ya cika maƙil.
Rabe ya yi amai tun ba mu wuce Gudel ba,
alhali kogin shimfiɗe yake kamar faifai.
Kilishi ya ƙare a yinin farko, aka zargi Illa.
Wayoyi suka yi shiru, muka rasa abin dubawa
sai gonakin shinkafa da mata masu wanki,
da wata dorina da ta buɗe baki kusa da Bubon
ta sa Haladu ya tuna duk addu'ar da ya manta.

Dare na biyu iska ta ɗauke.
Buhunan suka saki jiki kamar rigar aro.
Muka zauna, shida nan, shida can,
ruwa na wucewa tsakaninmu yana ƙananan maganganu.
Laminu ya kwanta rub da ciki a kan katako,
yana leƙen taurari a ƙasa.
“Baba ya iya ruwa?”
Na ce a'a.
“To, me ya sa yake son zuwa?”
Na juya garwashi. Ba wanda ya taimake ni.

Da asuba tabarmar rumfa ta motsa.
Hamani ya daka tsawa da Zabarmanci,
ba mu ji ba, amma mun ga inda ya nuna:
igiya.
Ita kam mun san ta tun muna ƙanana.
Muka jeru kamar a bakin rijiyar garinmu,
yaron a gaba, tafinsa bai ko rufe kaurinta ba,
muka ja,
buhunan shinkafa suka cika da abin da ba a aunawa.